Akwati Mai Fitilu da Muryar Baba

Akwai wani mutum da kowa a layinsu ke kira Injiniya. Ba wai ya taɓa shiga ajin injiniyanci ba ne, a shagon buga takardu yake aiki, yana fama da injin kwafi daga safe har yamma. Sunan ya samo asali ne tun ranar da ya kwance fankar gidansu zai gyara, ya mayar da ita aka ga kusoshi uku sun yi saura. Fanka ba ta sake juyawa ba, amma suna ya zauna, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Kada ku ɗauka mutumin banza ne. Yana da kyauta, yana da zumunci, yana son mahaifinsa kamar ransa. Matsalarsa ɗaya ce tak: kunnensa ba ya aiki sosai sai in bakinsa ne ke magana.

Mahaifin nasa tsohon kafinta ne, mutum mai labari da barkwanci. Wata shida ke nan muryarsa tana dushewa, tun ana cewa mura ce har aka daina faɗi. Da aka je asibiti, likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Ya ce za a yi aiki nan da kwana tara, kuma akwai kyakkyawan zaton Baba zai tashi, amma wurin da murya ke fita za a cire shi gaba ɗaya.

Da suka dawo, suna isowa ƙofar gida Baba ya dubi matar Injiniya, wadda ke ɗauke da cikin fari wata bakwai.

“Wato wannan da ke tafe ba zai san ina da murya ba,” in ji shi, a hankali.

Maganar ta tsaya wa Injiniya a rai. Nan take ya yanke shawarar zai ɗauki muryar Baba kafin ranar aiki: labarin yadda ya haɗu da marigayiya mahaifiyarsu, 'yar waƙar da take yi musu suna yara, da duk abin da tsohon ke son ya bar wa jikansa.

Ƙanwarsa, wadda suke kira Auta, ta ce, “Yaya, mu ɗauka da waya mana. Ga tawa nan.”

“Waya? Muryar Baba ce fa, ba saƙon gaisuwa ba. Aikin ƙwararru za a yi.”

Yana da tsohuwar kwamfuta, wani abokin aikinsa kuma ya ara masa makirufo. Abin da ya rage shi ne akwatin sauti, wato ɗan ƙaramin akwatin nan da ake haɗa makirufo da shi, shi kuma ya kai muryar cikin kwamfuta. Asibiti ya riga ya cinye aljihu, don haka mai araha kawai zai iya nema.

Washegari ya shiga layin masu kayan lantarki. A wani shago mai gilasai aka nuna masa wani akwati da ya ɗauke masa hankali: maɓallai sun fi ashirin, fitilu ja da kore da shuɗi suna ta rawa, in ka danna nan a yi tafi, in ka danna can a yi dariya.

“Wannan da kansa yake tace hayaniya,” in ji mai shagon. “Ko fanka, ko ƙarar titi, babu abin da zai shiga. Yi magana ka ji.”

Injiniya ya sa hedifon a kunne, ya gyara murya, ya yi sallama kamar mai karanta labarai. Ya ji kansa tas, har ya yi murmushi.

Bai saya nan take ba, don yana neman igiyar haɗa makirufo, aka ce sai wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a ƙarshen layi. Shagon ɗan ƙarami ne, cike da tsofaffin lasifikoki da warin dalma. Tsohon na zaune da tabarau a kan hanci. Da ya ji abin da ake shirin yi da akwatin da Injiniya ke son saye, sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

“Wa zai yi magana a ciki?”

“Mahaifina.”

“Muryarsa da ƙarfi?”

Injiniya bai so tambayar ba, ta taɓa masa wurin da ke ciwo. Ya ce, “Dattijo, igiya na zo saye.”

Tsohon bai yi fushi ba. Ya jawo wani akwati baƙi daga ƙasan tebur, duk ya goge a gefe, mai abin murɗawa biyu da fitila ɗaya.

“Wancan mai fitilun da ka gani, an yi shi ne don samarin da ke hira da ihu a waya. Duk sautin da ya yi ƙasa, ɗauka yake hayaniya ce, sai ya yanke shi, kuma babu maɓallin hana shi. Wannan kuwa ba ya da wayo ko kaɗan. Abin da ya ji shi yake ɗauka. Farashinsu kusan ɗaya ne.”

Injiniya ya dubi baƙin akwatin kamar an miƙa masa tsohon takalmi. A ransa ya ce, tsoho na neman wanda zai kwashe masa tarkace.

“Wannan ai na zamaninku ne. Duniya ta wuce nan.”

“To, ba komai. Amma ɗana, ko wanne ka saya, ka yi mini abu ɗaya. Ka ɗauki minti ɗaya da muryar mai maganar, ba taka ba, ka zauna ka saurara kafin ka ci gaba.”

“Ni ake kira Injiniya a unguwarmu,” ya ce yana dariya, ya karɓi igiyarsa ya fita. Ya koma shago mai gilasai ya sayi mai fitilu.

Aka mayar da ɗakin Baba wurin ɗaukar murya. Injiniya ya rataya barguna a taga, ya kashe fanka, ya kafa makirufo a kan ɗan teburin da Baba ya ƙera da hannunsa shekaru talatin da suka wuce. Da safe ake yi, bayan tsohon ya sha ruwan ɗumi da zuma, don lokacin ne muryar ke ɗan fitowa.

Ranar farko Baba ya ga ɗansa da hedifon a ka, ya ce, “Cire wannan abin. Da ɗana nake son yin hira, ba da matuƙin jirgi ba.”

Injiniya ya cire, ya rataya a wuya. Ya matso da bakinsa kusa da makirufo ya buɗe taro: “Yau rana ta farko, muna tare da mahaifinmu.” Fitilu suka yi ta rawa. Baba ya jingina da filo ya fara.

Kwana bakwai suna yi. Kowace kalma da ciwo take fita, wani lokaci sai ya tsaya ya riƙe wuya, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya ci gaba. Ya ba da labarin ranar da wata budurwa ta kawo masa kujera mai karyayyiyar ƙafa, ya yi mako uku yana gyaran da bai wuce na awa ɗaya ba, don dai ta riƙa dawowa. Ya rera waƙar marigayiya, Auta na daga bakin ƙofa tana share hawaye. Ya yi wa jikan da bai zo ba nasiha, ya sa masa albarka.

Injiniya kuwa, hali ba ya ɓuya. Baba zai fara labari, sai ya tare shi: “A’a Baba, ba a shekarar da aka yi ambaliya ba ne?” Baba zai yi shiru yana neman numfashi, sai ya ƙarasa masa zancen. A ganinsa taimako yake yi.

Kullum in an tashi, sai ya kunna farkon abin da aka ɗauka, ya ji kansa yana cewa “Yau rana ta uku,” tas kamar a gidan rediyo, sai ya rufe kwamfuta ya tafi aiki.

A rana ta huɗu Auta ta leƙa ta bayansa.

“Yaya, me ya sa layin sautin nan na kan kwamfuta ke tashi in kana magana, in Baba ne kuma sai ya kwanta?”

“Tsafta ke nan. Na'urar tana cire datti ne. Ke dai je ki duba ruwan zafi.”

“Ko za ka bari in saurara kaɗan?”

“Sai na gama na haɗa. Ba a nuna aiki rabi.”

Baba ma ya taɓa tambaya, aka ba shi wannan amsar.

Ranar aiki ta zo. Allah ya taimaka, aka yi lafiya, Baba ya farka da bandeji a wuya da 'yar ƙaramar ƙofa da yake numfashi ta ciki. Aka ba shi littafi da biro, su ne bakinsa daga ranar.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, Injiniya ya zauna zai haɗa aikin don ya kai wa Baba asibiti. Ya sa hedifon, ya kunna rana ta farko. Ya ji gabatarwarsa. Daga nan sai shiru. Can sai wani guntun sauti kamar an buɗe ƙofa an rufe, rabin kalma, sai shiru kuma. Sai muryarsa ta dawo raɗau: “A’a Baba, ba haka aka yi ba.”

Ya ƙure ƙara har ƙarshe. Babu komai, ko hucin iska babu.

Ya buɗe rana ta biyu, ta uku, ta biyar. Ya nemi wurin waƙar. Minti huɗu na shiru ne, a ƙarshensu ga shi yana tafi yana cewa, “Ma sha Allah.” Kwana bakwai na wahalar tsoho, abin da ya shiga shi ne Injiniya yana tambaya, Injiniya yana gyara, Injiniya yana dariya.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don wannan ba fanka ba ce da za a sayi wata. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ya sauya igiya, ya danna kowane maɓalli, har akwatin ya yi masa tafi da dariya a kunne. Matarsa ta same shi zaune a ƙasa, ya kasa gaya mata abin da ya faru.

Da safe ya ɗauki kwamfutar ya nufi shagon mai gyaran rediyo. Bai ko iya haɗa ido da shi ba.

“Dattijo, ka taimake ni. Ka yi mini duk faɗan da za ka yi, amma ka taimake ni.”

Tsohon bai ce ai na gaya maka ba. Ya ture aikin da ke gabansa, ya ba shi kujera, ya sa hedifon. Tun hantsi har bayan azahar yana bin abin daki-daki, yana ɗaga sauti, yana komawa baya. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya murza ido.

“Ɗana, da a ce muryar ta shiga da hayaniya, da mun wanke ta. Da ta shiga ƙasa-ƙasa, da mun ɗaga ta. Amma akwatin ya yanke ta tun kafin ta isa kwamfuta. Ba ɓoye take ba, babu ita ne.”

Injiniya ya kifa kai a kan tebur, babban mutum, ya yi kuka kamar yaro. Babu wanda zai kai ƙara, babu abin da zai sayar ya gyara, babu ranar da zai ce a sake.

“Akwai wuri ɗaya dai,” in ji tsohon bayan ɗan lokaci. “A rana ta shida. Da alama ya ɗaga murya, sai akwatin ya bar shi ya wuce. Jimla ɗaya ce cikakkiya. Na ware maka ita, zan sa maka a wayarka.”

Sai da ya yi kwana biyu kafin ya sami ƙarfin faɗa wa Baba. Ya durƙusa a gefen gadon asibiti, Auta na tsaye, ya faɗi komai, har da gargaɗin mai gyaran rediyo da tambayar da Auta ta yi masa. Auta ta juya ta fuskanci bango. Baba ya daɗe yana kallon silin, hawaye na gangarowa ta gefen kunnensa. Sannan ya nuna wayar da hannu, alamar a kunna abin da ya saura.

Muryar ta fito a dushe, a gajiye, amma tasa ce sak:

“Kai Injiniya, don Allah ka yi shiru ka saurare ni mana.”

Kafaɗun Baba suka fara motsi, sai suka gane dariya yake yi, dariyar da ba ta da sauti. Ya jawo littafinsa ya yi rubutu a hankali, ya miƙa wa ɗansa.

“Ka ajiye wa jikana wannan. Zai buƙace ta, tunda kai ne ubansa.”

An haifi yaron bayan wata biyu. Ya san fuskar kakansa, ya san hannunsa, ya san rubutunsa. A murya kuwa, abin da ya gada ke nan, daƙiƙa huɗu. Waƙar marigayiya Auta ce ke rera masa, iya abin da ta tuna.

Darasi: In mai sani ya ba ka shawara, kada ka auna ta da tsufan shagonsa ko ƙyallin abin da idonka ke so. Ka tambayi kanka don wa kake sayen abu, ka gwada shi da mai buƙatar, ba da kanka ba. Kuma iyayenmu da ke magana a yau, mu rufe baki mu saurare su, don ba kowace magana ake samun damar maimaitawa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda har yanzu yake da sauran lokaci.