Tela da Kifin Ƙasan Kogi

Akwai wani tela da matarsa ta rasu bayan gajeriyar jinya, ta bar masa 'ya ɗaya da ba ta daɗe da shiga makaranta ba.

Bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yaba dauriyarsa, alhali ba dauriya ba ce. Shi dai ba ya jin komai. Zai buɗe shago, ya zauna gaban keke, har la'asar bai taka shi ba. Masu ɗinki suka fara zuwa suna kwashe yadinsu, bai ce wa kowa ya yi haƙuri ba.

Yarinyar kuwa yayarsa ce ta zo ta ɗauke ta.

"Na same ta da rigar jiya, ba wanka, ba karin kumallo," in ji ta. "In ba za ka iya ba ka faɗa, in riƙe ta gaba ɗaya."

"To, Yaya," ya ce. Ko kai bai ɗaga ba.

Wata safiya sai ga surukinsa, mahaifin marigayiyar, tsohon direba da ya ajiye aiki ya koma fatsa a bakin kogi. Bai yi masa wa'azi ba. Bokiti kawai ya miƙa masa.

"Taso ka riƙe min. Gwiwar nan ta ƙi ni."

Tela ya bi shi, don ba shi da ƙarfin yin musu.

A kogin akwai wani kifi mai gashin baki da ke ba masu fatsa wahala. Tsohon ya ba Tela sandar fatsa ɗaya. Tela ya jefa nan, ya janye, ya jefa can, ya janye. Suka tashi hannu wofi.

"Ɗana, wannan kifin ba ya kiwo a sama," in ji tsohon washegari. "A ƙasa yake, kan tsakuwa, inda ruwa ke gudu. Ƙara dalma ƙugiyarka ta zauna. Watsa masa koto kaɗan-kaɗan ya saba da wurin. Kuma ka daina buga ƙafa, yana jin ka."

Tela ya yi yadda aka ce. Ba a kama komai ba. Haka aka yi ta yi, yau babu, gobe babu. Tsohon ya zo da sassafe, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tsaya har sai an buɗe.

Ran nan Tela ya jefar da sandar a kan yashi.

"Baba, don Allah ka ƙyale ni. Kifin nan ne zai dawo min da ita?"

Magana ce da bai taɓa yi wa surukinsa irinta ba. Tsohon ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki sandar, ya kakkaɓe ta.

"Ba zai dawo da ita ba. Gobe ina nan tafe."

Kuma ya zo.

Ana cikin haka wata rana da hantsi kan sandar Tela ya lanƙwashe kamar zai karye.

"Kar ka fizga!" tsohon ya daka masa tsawa. "Sakar masa zare ya gudu. In ya gaji, ka jawo a hankali."

Kifin ya ja, Tela ya saki. Ya lafa, Tela ya jawo. Sai da ya shiga ruwa har gwiwa kafin suka fito da shi, ƙato, yana numfashi a kan ciyawa.

Tela ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, ban ji daɗi ba. Ban ji komai ba."

Tsohon ya zauna kan dutse yana cire ƙugiyar.

"Ni ma haka. Matarka yarinyar da na ɗauka a kafaɗata ce, ɗana. Tun ranar da ta rasu abinci ba ya min ɗanɗano. Amma da zan jira sai na ji daɗi kafin in fito, da ni da kai duk muna kwance."

Sai a lokacin Tela ya lura da yadda rigar tsohon ta yi masa yawa. Duk tsawon kwanakin nan bai taɓa tambayarsa ya ya kwana ba.

"Kifin nan ya fi ƙarfin cikinmu," tsohon ya ce. "Je ka ɗauko min amaryata, ko ta sake ni ne ban sani ba?"

Jikarsa yake nufi.

Tela ya tafi gidan yayarsa da laka a wando. Yayar ta dube shi sama da ƙasa, ta shiga ta haɗo kayan yarinyar.

A hanya yarinyar ta kama hannunsa, ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Baba, ƙarni kake yi. Yau a gida zan kwana?"

"A gida za ki kwana. Gobe ma."

Darasi: Mai baƙin ciki ba dogon wa'azi yake buƙata ba, wanda zai yi ta dawowa ƙofarsa yake buƙata, ko da ya kore shi. Kai kuma da zuciyarka ta daskare, kar ka jira sai ka ji daɗi kafin ka tashi, akwai masu jiranka. Ku tura wa wanda kuka san yana cikin irin wannan hali.