Hannun Anti Tela Ya Fara Rawa

Anti Tela mace ce mai hannu. In ta ɗora almakashi a kan yadi, ko alli ba ta nema, kuma ba a taɓa cewa ta ɓata wa wani kaya ba. Aibinta ɗaya ne, taurin kai. In ta ce ta san abu, kada ma ka ɓata bakinka.

Shekarun baya ta yi fama da kasala, ga jin sanyi, ga ƙiba babu dalili. Likita ya ce wani ɗan nama ne a gaban wuyanta, mai saita saurin aikin jiki, garkuwar jikinta ta danne shi. Ya ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum, ya ce ta riƙa zuwa gwajin jini. Tana jin sauƙi, ita da asibiti sai hange daga nesa. In magani ya ƙare ta kai kwalin kemis a ba ta irinsa.

Sai abu ya juya. Zama ya gagare ta. Ta hau keken ɗinki, ta sauka, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta ƙure fanka, gumi na ta zuba. Ga ci kamar gara, amma siket na zame mata. Zuciya kuwa sai dukan uku-uku.

"Yaya, wallahi hannunki rawa yake yi," in ji ƙanwarta. "Mu je a duba jininki."

"Ke tafi can! Da ina kwance kun ce raguwa ce, yanzu na miƙe kun ce ciwo. Jikina ne, na fi kowa saninsa."

Da rashin barci ya tara mata gajiya, ta ce tsohon ciwon ne ya dawo, ta mayar da ƙwayar biyu. Kai, wannan ganganci da yawa yake!

Ranar nan wata malamar makaranta, wadda ta fi kowa daɗewa tana kawo mata ɗinki, ta zo da leshi mai tsada. A gabanta Anti Tela ta soma yanka. Hannun ya fizge, almakashi ya ratsa tsakiyar gaban rigar. Anti Tela ta miƙe za ta ba da haƙuri, jiri ya kwashe ta.

A asibiti likita ya ce, "Baiwar Allah, ciwonki ya sake salo. Garkuwar da ta danne naman nan, yanzu zuga shi take yi, yana aiki fiye da kima. Ke kuma kina ƙara masa da ƙwaya. Da kin zo gwaji, da tuni mun tsayar da ita."

Sai da aka yi watanni kafin hannun ya natsu. Ta share shago, ta zauna jiran mutane. Can sai ga malamar nan da sabon yadi a hannu. Ta yi mata ya jiki cikin mutunci, sannan ta tsallaka titi ta shiga shagon telan da ke kallon nata. Anti Tela ta ji baƙin ciki har cikin ranta.

Darasin da ke nan shi ne, ciwo yana iya sauyawa, maganin da ya tashe ka jiya yana iya kayar da kai yau. In likita ya ce ka dawo gwaji, ka koma ko da kana jin garau, kuma kada ka ƙara wa kanka magani da ka.