Muryar Sahura a Faifan Haladu

An yi wani mutum a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da kwamfuta ke da ƙaton kai kamar tukunya. Sunansa Haladu, gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Ku saurara, jama'a. Kai na baya, ajiye wayar nan, labarin ya shafe ka.

Bawan Allah nan yana da wata al'ada. Duk kwamfutar da aka kawo masa, kafin ya goge ta, sai ya kwashe direbobinta ya adana. Direba a bakinsu ba na mota ba ne, 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. In babu ita, na'urar ta zama kayan ado. Ya tara su a wani babban faifai, ya tsara shi yadda in ya jona, kwamfuta za ta ɗora wa kanta sabon tsari, kowace na'ura ta samu direbanta, shi kuwa ya tafi masallaci.

To, a cikin faifan nan akwai abu guda da ba na aiki ba. Haladu yana da 'ya ɗaya, Sahura, zazzaɓi ya ɗauke ta tana ƙarama. Kafin ta rasu ya taɓa ɗaukar muryarta tana biya karatun allo, tana tuntuɓe, tana dariya. Wuri ɗaya ya ajiye, a faifan nan. Mai adana kayan kowa bai yi wa nasa ajiya ta biyu ba. Haka muke, wallahi.

Ana nan sai faifan ya faɗo daga tebur, ya fara ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Haladu ya san wannan ƙarar. Faifan da ya soma ta, in an sake kunna shi, ɗan lokaci kaɗan zai yi ya mutu. Ya naɗe shi a tsumma, yana jiran a buɗe hanyar birni ya kai wa masu ceto abin da ke cikin irin wannan faifai, don ruwan damina ya cinye gada.

Ran nan da hantsi sai ga Iya Tabawa, ungozomar asibitin garin, tana haki.

Ta ce, "Malam Haladu, an goge mana kwamfutar na'urar duba ciki, an sa sabon tsari, yanzu ta ƙi gane na'urar. Kamfanin da ya ƙera ta ma ya rufe. Ga wata baiwar Allah can tana naƙuda, jini na zuba, likita ya rasa ganin yadda ɗan yake kwance. Ba kai ka taɓa gyara mana ita ba?"

Ya ce, "Ni ne, Iya. Direban yana nan, amma faifan na gargara."

Ya gaya mata abin da ke ciki. Tabawa ta san Sahura, ita ta yanke mata cibi. Ta ce, "To ka fara kwashe ta yarinyar, ai ka san inda take."

Ya ce, "Na sani. Direban kuma sai na lalubo shi cikin tarin da na yi. In faifan ya mutu ina kan kwashe tawa fa, Iya, me zan ce wa matar can?"

Ku saurara da kyau. Da ya fara da muryar 'yarsa, babu wanda zai zarge shi. Babu ma wanda zai sani. Ya kunna faifai, ya ga sunan 'yarsa a allo, ya wuce shi. Ya yi ta lalube, faifai na ƙara, har ya samo direban, ya kwafe. Da ya juyo wajen Sahura, ƙarar ta ɗauke. Ya kashe, ya kunna, ya sake kunnawa. Shiru.

Na'ura ta tashi, likita ya yi aiki, uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Dangin matar suna cikin makoki, ba wanda ya tambayi wa ya gyara kwamfuta. Da aka buɗe hanya ya kai faifan birni, suka ce ba abin da zai fito.

Haladu ya tsufa a shagon nan. Wata rana ya ce wa Tabawa, "Iya, fuskarta ina gani, amma muryar ta soma ɓace mini." Ya share ido, ya ce alhamdulillahi. Duk sanda na zo nan a labarin, zuciyata karyewa take.

Jama'a, darasin a fili yake. Kyautar da Allah yake auna bawa da ita, ita ce ta abin da ba ka da na biyunsa. Mu kuwa tsohuwar rigar da ta matse mu muke bayarwa, mu tsaya jiran godiya. Kowa a nan yana da abin da ya naɗe a tsumma. Ranar da maƙwabcinka zai zo yana haki, rai na hannunsa, wanne za ka fara cetowa? Allah ya ba mu ikon amsawa da kyau, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.