Simintin Inna

Akwai wani magini da ake yi wa laƙabi da Injiniya. In ya ɗora bulo, ko da zare ka auna ba za ka ga karkata ba. Amma ɗakin mahaifiyarsa bango ya tsage, rufin yana yoyo kamar rariya.

Wata shekara ya sayo buhunan siminti, ya jibge su a ƙasa a tsakar gidanta. Ya kawo tamfol ya rufe kwanon ɗakin, wai na ɗan lokaci.

"Inna, da na gama benen da ke hannuna, ɗakinki ne a gaba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ba gaggawa."

Bene ya ƙare, wani ya shigo. Ƙanwarsa Auta ta kira shi har ta gaji.

"Yaya, damina fa ta kawo kai."

"Ke Auta, ni za ki koya wa gini? Aikin da ba zai ci mini mako ba!"

Abin haushin, shi ne kullum yake yi wa leburori faɗa a kan siminti. Yakan ce ƙanƙara in ta narke a sake daskarar da ita, ƙarfe a narka shi a sake zubawa, amma siminti sau ɗaya yake kamawa. Da ya shaƙi danshi ya zama wani abu dabam, ba ya komawa gari.

Damina biyu ta wuce. Inna ta fara tari, har aka kwantar da ita a asibiti, likita ya ce sanyi ya shiga huhunta. A nan ne idon Injiniya ya buɗe. Ya bar Auta tana jinya, ya kwaso leburori, ya rantse Inna ba za ta dawo jiƙaƙƙen ɗaki ba.

Yana shiga gidan ya tsaya cak. Babu tamfol a kan rufi. Ga shi can an lulluɓe buhunan da shi, an ɗaure da yage-yagen tsohon zani. A kan gadon Inna kuwa kwanuka ne a jere, na tarar ruwa.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Ita ta roƙi maigidana ya sauko da shi. Ta ce ta ji kana cewa siminti ba ya son ruwa. Wai jikinta in ya jiƙe zai bushe."

Ya yaye tamfol ɗin. Ya taɓa buhu, dutse. Ya taɓa na ƙasa, dutse. Ruwan sama bai same su ba, amma danshin ƙasa ya daɗe da gama aikinsa. Ya sa guduma ya farfasa, ya kwaɓa da ruwa, abin ya wargaje kamar yashi.

Yana durƙushe wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, tana kuka.

"Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika."

Ya tambaye ta, "Ta ce wani abu?"

"Ta tambaye ni ko siminti bai jiƙe ba. Na ce mata bai jiƙe ba. Sai ta ce alhamdu lillahi."

Wallahi ni kaina da na zo nan a labarin sai da na yi hawaye.

Darasi: Alherin da ka ajiye wa iyayenka sai gobe ba ya zama yana jiranka. Yakan sandare a inda ka bar shi, su kuma su tafi. Wanda nasa ke raye ya tashi yau. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai buhu a ajiye.