Mutanen Gefe

An yi wani sarki a wani birni na bakin hamada, Bawale sunansa, wanda tun ranar da wani dogon mutum ya kai masa suka a ƙofar masallaci tsoro ya shige shi. Shi kuwa tsoro idan ya kama mai iko, talaka ke kwana da zazzaɓinsa. Ya yanke hukunci cewa fitina daga mutanen gefe take fitowa, saboda haka za a auna jama'a da ma'auni ashirin, tsawo da shekaru da ƙiba da ƙarfin murya da sauransu, a kowane ma'auni a kori ushirin sama da ushirin ƙasa zuwa hamada ba guzuri, matsakaita kaɗai su zauna.

Aka fara da tsawo. Cikin dogayen da aka kora har da Zubairu, ƙanen Alƙali Ukashatu.

Sarki ya kira alƙali ya ce, "An ce hukuncina ya dame ka. Ɗaya cikin goma ne nan da can, tsakiya ita ce mai yawa. Kawo hujja, in babu ka bi ƙanenka."

Alƙali ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ba ni igiya, da farin ƙyalle, da dunƙulen gishiri mai fuska shida."

Ya yanke ushiri daga kowane bakin igiya, takwas cikin goma suka saura, sarki ya yi murmushi. Alƙali ya datse ushiri-ushiri daga ƙyallen ta gefe huɗu, abin da ya zube ya haura sulusi. Ya fere gishirin ta fuska shida, ya tara ɓarɓashin, sai ga shi ya kusa kai abin da ya rage.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, igiya awo ɗaya gare ta, ƙyalle biyu, gishiri uku, kowane awo da aka ƙara yana zuwa da nasa gefen. Kai kuwa ka ba ɗan Adam awo ashirin. Abu mai awo ashirin kusan dukkansa ɓawo ne, da ƙyar mutum ɗaya cikin ɗari zai tsira a tsakiya. Gobe awon shekaru ne, kuma ban san wanda ya girmi mahaifiyarka a birnin nan ba."

Sarki ya daɗe yana duban ɓarɓashin gishirin. Ya soke hukuncin, ya naɗa Ukashatu waziri, ya tura mahaya raƙuma su dawo da korarru. Suka dawo da kaɗan, sauran kuwa ƙishirwa ta riga ta kashe su. Zubairu kuwa takalmansa kawai aka kawo.

Da aka ce sabon waziri ya faɗi bukatarsa, sai ya roƙi likkafani ga kowane mamaci daga baitulmali, na ƙanensa a ƙara masa kamu biyu. Ya karɓa yana kuka, ba wanda ya hana shi.

Masu hikima suka ce, adalci shi ne a auna mutum da aikinsa. Sarkin da ya auna shi da halittarsa zai wayi gari yana mulkin kufai.