Injin da Ke Shan Mai da Gangan

Mutanen wannan labari huɗu ne: Malam Nomau bakanike, da Sallau maƙwabcinsa a gareji, da Inna Tasalla ungozoma, da Baba Cindo, tsohon bakanike wanda ya makance.

An yi wani bawan Allah a wani gari, shi ne Malam Nomau. Wata rana aka turo masa motar Inna Tasalla. Ku saurara, motar nan ita kaɗai ke kai masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka uku. Inna ta ce, "Malam, tana shan baƙin mai, yanzu kuma ta ƙi tashi."

Nomau ya duba, ya sake dubawa. Inji ɗan dunƙule kamar tukunya, babu alamar fistan, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin inji. Ya ce, "Inna, ban san wannan inji ba."

Sallau ya tuntsire da dariya. "Shekara talatin kana riƙe da sifana, yau ka ce ba ka sani ba? Ga siririn bututu nan yana ɗura mai cikin inji. Toshe shi, ka sallami tsohuwa!"

Nomau ya ji kunya ƙwarai, domin a gaban jama'a aka faɗa. Amma ya ce, "Abin da ban sani ba, ba na toshe shi. Inna, a ba ni kwana biyu."

Ya tafi har garin Baba Cindo, ya durƙusa, ya kwatanta masa injin da bututun. Tsoho ya zabura. "Kun toshe?"

"A'a, Baba."

"Alhamdu lillahi! Ɗana, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Da gangan yake shan man, domin ya jiƙa 'yan ƙarafan bakin kusurwoyin. In sun bushe sai su karye, kuma ko ka zaga kasuwannin kayan mota kaf, ba za ka sami ko ɗaya ba. Fulogi ne ya hana motar tashi, canza shi, ka ce wa mai motar ta riƙa ƙara baƙin mai."

Haka ya yi, mota ta tashi. Ba a yi mako ba ta ɗauki ƙanwar Sallau, naƙuda ta yi tsanani, aka sauka lafiya a asibiti. Sallau ya zo ya riƙe hannun Nomau, ya ce, "Malam, da ka bi maganata fa?"

Nomau ya ce, "Mu gode wa Allah, mu gode wa Baba Cindo."

Jama'a, faɗin "ban sani ba" riƙon amana ne. Kai mai gyara, kai mai ba da magani, kai mai amsa fatawa, in ba ka sani ba, faɗa, ka je ka tambaya. Ni da girma na koyi rubutu. Inda na kuskure, ku gyara mini, Allah ya saka muku da alheri.