Takalmin da Habibatu Ta Sayo wa Babanta

Akwai wani tela a Gwallaga, Malam Mijinyawa. Shekara talatin yana taka keken ɗinki da silifas a ƙafa, da haka ya karantar da 'yarsa Habibatu har ta zama malamar makaranta a Tirwun.

Da ta karɓi albashin farko, sai ta sayo masa baƙin takalmi sau-ciki. Ba ta tambayi lambar ƙafarsa ba, don so take ta ba shi mamaki.

Ya saka, ya ɗan taka.

"Baba, ya yi daidai?"

"Kamar an auna. Allah Ya yi miki albarka."

Bai yi daidai ba. Amma irin mutanen nan ne masu kara, gara ya yi ɗingishi da ya ce kyautar 'yarsa ta matse shi. Juma'a da takalmin, ɗaurin aure da shi, har shago. Ko ba ka tambaya ba sai ya gaya maka wadda ta saya.

Sannu a hankali farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama ya nutse cikin nama. Ya kira mai yankan farce ya ƙwaƙule gefen, abin ya ƙara shigewa, ya kumbura, ya fara ruwa. Ga shi da ciwon suga. Ya naɗe da ƙyalle, ya hana matarsa Hajja faɗa wa kowa.

Wata Asabar Habibatu ta zo gaisuwa, ta tarar keken ɗinki a lulluɓe, ɗakin Baba kuma yana wani wari. Tana ɗaga zanin da ya rufe ƙafar ta fasa kuka. Yatsun sun yi baƙi.

A asibiti, likita ya duba ya girgiza kai. "Da tun farko kuka zo, gefen farcen kawai za mu cire. Yanzu sai dai ƙafar."

Ƙafar da ta taka keke ta ciyar da gidan, ita aka yanke.

Ranar da aka sallamo shi, Habibatu ta ɗauko takalman za ta jefar. Ganinsu ma ƙona mata rai yake yi.

"Kawo na hagun," in ji Baba. "Shi bai yi mini laifin komai ba."

Ta juya takalmin ta ga lamba arba'in da biyu. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah, lamba nawa kake sawa?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa, kamar shi ne mai laifin.

"Arba'in da huɗu, 'yata."

Darasi: Kada kunya ko kara ta sa ka ɓoye ciwo, komai ƙanƙantarsa. A yanke farce a miƙe, ban da ƙwaƙular gefe, a guji takalmi mai matsewa, mai ciwon suga kuma ya kai ko ɗan ƙurji asibiti. Mu 'ya'ya, mu riƙa tambaya, mu riƙa duba ƙafafun iyayenmu da idonmu. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku ceci ƙafar wani uban.